Yaro mai hazaƙa a makarantar gwamnati

Ƴar'uwa, kin tambaya ko makarantar gwamnati a nan Tawa za ta iya biyan buƙatar ɗanki, wanda yake aji CE1 (aji na uku na firamare) amma ya riga ya wuce abokan karatunsa nesa. Amsa ita ce a'a, ba za ta wadatar da shi ba, sai dai idan kin tallafa masa daga gida.

Dalilin kuwa, malamin da ke fama da aji cike maƙil yana tafiyar da darasi ne daidai da fahimtar mafi yawan yara. Na sha ganin yaro mai kaifin basira ya gama lissafinsa a kan allo tun kafin sauran su kwafi tambayar, sai a ɗora masa aikin rubuta sunayen masu surutu, wanda ba ya ƙara masa komai. Makarantar da aka ware domin irinsu, wato Lycée d'Excellence ta Yamai, sai bayan BEPC, wato jarrabawar kammala matakin farko na sakandare, ake shigarta ta hanyar gasa. Kafin lokacin, ki nemi shawarar daraktan makarantarsu a kan tsallakar da shi aji, muddin yana iya zama da yaran da suka girme shi ba tare da ya takura ba.