Tikitin kallon Fairport: tsaya kafin ka tura wa baƙo kuɗinka

Kawu, ina karatu a Bamingam. Wani abokina Bature ya dage sai mun je kallon Fairport Convention. Na duba hotonsu, duk furfura. Ba asarar kuɗi ba ce?

Ɗana, furfura ba ta hana yatsa aiki. Tun 1967 aka kafa wannan ƙungiyar mawaƙa a Landan, kuma Simon Nicol mai kaɗa jita yana cikin waɗanda suka fara ta. Sana'arsu ita ce su ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauyukan Ingila su ɗora musu jita mai lantarki da ganga da goge irin na Turawa. Sai dai muryar macen da abokinka yake ji a faifansu na 1969 ta Sandy Denny ce, ta rasu tun 1978, mai gogensu Dave Swarbrick ma ya rasu a 2016. Kada ka je neman abin da ke cikin faifai. Da sanyi sukan zagaya ƙananan ɗakunan wasa. Fara da wannan: dare ɗaya, kana kan kujera, ka kwana a ɗakinka.

Kawu, daga Kano nake. Zan iya neman biza don in je bikinsu na watan Agusta?

Malam, fam ɗaya ya daɗe da haura naira dubu. Haɗa kuɗin biza da na jirgi, ka je Dawanau ka tambayi buhun masara nawa za su saya. In har yanzu kana son zuwa, to ba shawarata kake bukata ba.

Kawu, wani a Facebook zai sayar min da tikitin bikin Cropredy, wato bikin Fairport na watan Agusta, a rabin kuɗi, wai mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ya ce in tura ta banki yau-yau.

Allah ya ba ta lafiya, in akwai ta. Wannan uwa ta daɗe tana ciwo, duk shekara da an doso Agusta sai jikinta ya tashi.

Na gaji da wannan magana, amma zan sake. Yaran da a kasuwar Kwari sai sun murza shadda sun ɗaga ta ga rana kafin su biya, su ne suke zuwa Turai su tura wa wanda ba su taɓa gani ba kuɗin abincin wata guda saboda hoton tikiti. Hoton tikiti ba tikiti ba ne! Guda ɗaya ana iya sayar wa mutum goma, wanda ya riga zuwa ƙofa ya shige, sauran tara su tsaya suna kallon juna. Wani yaron gidanmu ya sha wannan a wani taron kiɗa: tanti a baya, ruwa na zuba, mai gadi ya haska na'ura a wayarsa sau uku, sau uku tana ƙi. Da ya nemi mai tikitin, har an goge shafin.

Araha ba ta ado. Kuma gaggawar nan ta "yau-yau" ita ce babbar alama, don ɓarawo ba ya son ka kwana da maganarsa. Saya daga shafin masu bikin da kansu. In ya ƙare, nemi dandalin da ake sake sayarwa a kan ainihin farashi, irin Twickets. Ka biya da katin bashi in kana da shi, domin dokar Birtaniya ta 1974 ta ɗora wa kamfanin da ya ba ka katin alhaki tare da mai sayarwa a kan abin da kuɗinsa ya haura fam 100 har zuwa 30,000. Tura kuɗi kai tsaye ta banki ba shi da wannan kariya. In kuma ya ce ka biya ta PayPal a matsayin "'yan uwa da abokai", tambaye shi ta wace tsatso kuka haɗu.

Kawu, dangin mijina Turawa ne, sun gayyace ni Cropredy. Ina sa hijabi, ina tsoron in zama abin kallo.

'Yata, kwantar da hankalinki. Cropredy ɗan ƙauye ne kusa da Banbury, a gefen kogin Cherwell, kuma yawancin masu zuwa dattawa ne da jikokinsu, kowa da kujerarsa mai naɗewa. Ba zan ɓoye miki ba, ana shan giya sosai. Ki zauna can baya, nesa da inda ake sayar da ita, kiɗan zai same ki. Ki tafi da darduma da guzurinki, kada ki dogara da samun naman halal a filin bikin. Ki faɗa wa surukarki lokutan salla tun a gida, don kada ta zaci fushi kika yi in kin tashi. Kwana uku ake yi, amma ba dole ki kwana a tanti ba, in kin kama ɗaki a Banbury da wuri. Takalmin roba kuwa ki saye shi kafin ki baro gari, Agustan Ingila ba shi da alkawari.