Me ya sa doka ta hana taɓa tarin duwatsun tsaunukan Ingila?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Ingila ya je yawo Dartmoor, ya ce an gargaɗe su kada su ɗauki ko dutse ɗaya daga tarin da ke kan tuddai. Ni dai a hoto tsibin duwatsu kawai na gani. Mene ne abin tsarewa?

Amsa: Baba, da yawa daga cikin tsibin nan kaburbura ne na Zamanin Tagulla, wajen shekara 4,000 ke nan. A ƙarƙashin wasu akwai ɗan akwati da aka haɗa da falalen dutse, a sa gawa ko tokarta a ciki, a rufe, sannan a tara duwatsu a kai.

Ka ji abin da irin wannan akwati kan ɓoye. A 2011 an buɗe wani a Whitehorse Hill, can cikin Dartmoor. An tarar da ƙonannun ƙasusuwan wani mai ƙananan shekaru, an naɗe su cikin fatar dabbar beyar, ga kwando ɗauke da duwatsun ado fiye da 200, ga kuma kuza, irin wadda ake haƙa a Jos. Jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin, mai cike da ruɓaɓɓun tsirrai, ita ta hana fata da saƙa ruɓewa. Da wani ya riga ya yaye murfin iska ta shiga, da sai dai labari.

Dokar da ke aiki yanzu ta 1979 ce. Idan aka sa wuri cikin jerin wuraren tarihi da gwamnati ke karewa, lalata shi laifi ne, haka ma haƙa ko yawo da na'urar neman ƙarfe ba da izini ba. Ko mai filin sai ya nemi izini kafin ya yi aiki a kai.

A da, masu neman dukiya da masu kwasar dutse don gina katangar gona su suka fi ɓarna. Yau kuwa, a ganina, matafiya masu kyakkyawar niyya ne: iska ta dame su a saman tudu, sai su kwashe duwatsun tsakiya su yi ɗan zagaye su fake. Mai bincike yana karanta kabari ne daga yadda aka jera kowane dutse, in an sauya masa mazauni shi ke nan. Ka ce wa yaron ya ɗauki hoto iya son ransa, dutsen dai ya bar shi inda ya same shi.