Me ya sa ranar fitowar littattafan rakiyar fim ba ta tsayawa wuri guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina bibiyar ƙagaggun labaran kimiyya da ake rubutawa a kan finafinai da shirye-shiryen talabijin, irin su Star Wars da Star Trek. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne jadawalin fitowarsu. Sai in ga an sa wa littafi rana a shagon intanet, bayan wata biyu an ɗaga, wani ma ya ɓace ɓat. Wace rana zan yarda da ita, kuma ta yaya zan san abin da ke tafe?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, ranar fitowar irin wannan littafi ba a hannun marubuci take ba, ba ma kacokan a hannun kamfanin ɗab'i take ba. Mai fim ne ke da ta cewa. Kamfanin ɗab'i lasisi yake saya na wasu shekaru, ya ɗauko marubuci haya, marubucin ya kawo tsarin labari, a kai wa masu mallakar fim su duba. In ya gama rubutu a sake kai musu. A wajen Lucasfilm, kamfanin da ke shirya Star Wars, akwai wani sashe da aka kafa a 2013 mai kula da kada labarin littafi ya ci karo da na fim ko na talabijin. Marubuci na iya cika alkawari a kan lokaci, littafin ya kwana a wannan mataki saboda an canja wani abu a fim ɗin da ba a ma fara haskawa ba. Kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Dubi yadda abin ya juya a Star Wars. Littafin fim na farko ya fito a ƙarshen 1976, kusan wata shida kafin a haska fim ɗin a watan Mayu na 1977, don lokacin talla ake nema, ba wanda ya damu da a ɓoye ƙarshen labari. Da aka zo 2015 kuwa, sai aka saki na karantawa a waya ranar da sabon fim ɗin Star Wars ya fito a Disamba, na takarda aka riƙe shi har Janairun 2016. Dalili a fili yake: littafin takarda sai an buga shi makonni kafin ranarsa, ya bi ta hannun ma'aikatan maɗaba'a da direbobi da masu sito, kuma mutum ɗaya mai waya ya isa ya tona asiri. Fim ɗin Disamban 2017 ma sai a watan Maris na 2018 littafinsa ya biyo baya. Saboda haka in an ɗaga fim, ka ɗauka littafinsa ma ya ɗagu, ko da shagon bai gyara ranar ba tukuna.

Ɓacewar da ka ambata ita ta fi ciwo. Bayan fim ɗin Star Trek na 2009, kamfanin Pocket Books ya jera littattafai huɗu da za su fito a 2010, an riga an sanar da sunayensu da marubutansu. Kwatsam aka janye su duka, aka ce a bar masu fim su shimfiɗa labarinsu tukuna. Sai a 2020 biyu daga ciki suka fito, shekara goma ke nan. Wani lokacin kuma lasisin ne ke ƙarewa. Kamfanin Virgin ya fara buga sababbin labaran Doctor Who, wani shirin talabijin na BBC, a 1991, BBC ta karɓe abinta a 1997 ta ci gaba da bugawa da kanta. Haka nan bayan Disney ta sayi Lucasfilm a 2012, a watan Afrilun 2014 aka ware tsofaffin littattafan Star Wars gefe guda aka buɗe sabon jeri, abin da ya yi awon gaba da wasu littattafan da aka riga aka yi wa masu karatu alkawari. Idan ka ga jadawali ya yi tsit na watanni ba sanarwa, sau da yawa cinikin lasisi ake yi a bayan fage.

Akwai kuma matsalolin da ke samun kowane littafi, kamar ƙarancin takarda da cunkoson jiragen ruwa na 2021. Annobar korona ta tura babban jerin littattafan Star Wars mai suna The High Republic daga Agustan 2020 zuwa Janairun 2021.

To wace rana za ka yarda da ita? Kamfanonin ɗab'i kan tura bayanan littafi ga shaguna irin Amazon watanni da yawa kafin fitowarsa, wani lokaci tun ba a kammala rubutu ba. Shi ya sa za ka ga shafi ba hoton bango, ba suna, sai dai a rubuta cewa littafi ne marar suna na marubuci wane. Wannan ranar riƙon wuri ce kawai, ni ba na ko sa ta a kalanda. In ka ga 31 ga Disamba, kada ma ka kula. Wata dabara mai sauƙi: a Amurka yawanci ranar Talata ake sakin sababbin littattafai, a Ingila kuma Alhamis. Ranar da ta faɗa Asabar ko Lahadi abar tuhuma ce. Ranar takan fara nauyi idan an bayyana hoton bango da cikakken suna da yawan shafuka, kuma ta fi tabbata idan saura wata biyu ko uku, domin a lokacin aiki ya isa maɗaba'a.

Sanarwa kuwa tana da lokutanta. Taron baje kolin finafinai da littattafai mai suna Comic-Con na San Diyego a watan Yuli da na Niyok a Oktoba su ne wuraren da kamfanoni suka saba zazzage jerin shekara mai zuwa. Bayan su, shafin kamfanin ɗab'in kansa ya fi na shago saurin gyara, marubucin kuma yakan faɗi in an ɗaga, sai dai yarjejeniyar da ya sa wa hannu ba ta cika barin sa ya faɗi dalili ba, kada ka matsa masa. Jerin da masoya ke haɗawa a intanet yana da amfani, amma su ma daga waɗannan bayanan shaguna suke kwasowa.

Ka kuma lura da wane bugu ake nufi, don nan mutane da yawa ke ruɗewa. Littafi ɗaya na iya samun ranakun fitowa har uku. Mai bango mai tauri shi ke fara fitowa, yawanci tare da na waya da na saurare, mai bango mai laushi kuma ya biyo bayan wasu watanni har zuwa shekara. Bugun Amurka da na Ingila ma kan sha bamban da 'yan kwanaki. Wani abin da ka gani a jadawalin shekara mai zuwa tsohon littafi ne aka yi wa sabon bango, saboda haka ka duba shekarar bugun farko a bayanan shafin kafin ka yi oda.