Sauke Bireka Ba Ya Nufin Wuta Ta Mutu

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tilasta maka gwada waya ko da ka riga ka sauke babbar bireka, wato babban makunnin da ke yanke wutar gida, ka kuma ce wani maigida da ke son sauya soket ɗin ɗakinsa da hannunsa ya yi maka wannan tambaya, ka rasa abin ce masa.

Amsar ita ce gidajenmu na yanzu ba ta ƙofa ɗaya wuta ke shigarsu ba. Akwai wutar NEPA, akwai janareta, ga kuma sola da inbata, wadda ke ci gaba da ba wasu layuka wuta daga batir ko da unguwa duka tana cikin duhu. Bireka tana yanke hanyar da aka ɗora ta a kai ne kawai. Bayan haka akwai kuskuren wanda ya yi wayarin kafin kai. Ƙa'ida ita ce makunni ya zauna a kan waya mai wuta, wadda muke kira layif, amma sau da yawa na buɗe bango na tarar an ɗora shi a kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. A irin wannan gida ƙwan fitila zai mutu idan an kashe makunni, alhali bolt 230 na nan zaune a bakin mariƙinsa yana jiran yatsa. Launi ma ba abin dogaro ba ne: a tsohon tsari ja ne layif, baƙi nutural, a sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural, kore mai ratsin rawaya kuma wayar ƙasa. Gidan da aka yi wa ƙari sau biyu za ka same su a cakuɗe.

Saboda haka gwajin hawa uku ne. Ka fara gwada testarka a soket ɗin da ka tabbata yana da wuta, sannan ka gwada wayar da za ka taɓa, sannan ka koma soket ɗin farko domin ka tabbatar testar ba ta mutu a tsakani ba. Ƙaramar testa mai kama da sukundireba ba na amince mata ita kaɗai, domin a hasken rana ɗan ƙwanta ba ya ganuwa sosai. Mitar gwaji ta fi ta gaskiya.

Ka kuma fahimtar da maigidan cewa birekar amfiya 20 waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba. Abin da ke hargitsa bugun zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, don haka wuta za ta iya kashe shi birekar ba ta ko motsa ba. Mai kare rai ita ce na'urar da ke jin yoyon wuta ta yanke a miliamfiya 30, sai kuma wayar ƙasa da aka haɗa da sandar da aka kafa a ƙasa da kyau. Wannan sanda ce mutane suka fi yi wa rowa, su kashe kuɗin a kan fitilun ado.

Abin da zan yarda ya yi da kansa kaɗan ne: sauya ƙwai, ko soket, ko makunni, da busasshen hannu da takalmin roba, bayan ya kashe komai ya gwada, ya kuma gaya wa iyalinsa kada kowa ya tayar da janareta ko ya ɗaga bireka. Kada ya ja soket da wayar fitila mai kauri 1.5, soket waya mai kauri 2.5 yake so, kuma kada ya ɗaure fis da zaren waya idan ya ƙone.

Haɗa janareta kuwa ya bar mana. Wanda ya cusa wayar janareta a soket ba tare da cenjoba ba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta NEPA, wutarsa na iya komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan fal yana gyara da tabbacin an ɗauke wuta. Idan ya nace, ka kawo shi shago gobe in nuna masa yadda cenjoba ke raba hanyoyin biyu.