An ce ina da murya, zan iya aikin gabatar da shiri a ƙaramin gidan rediyo?

Tambaya: Salam Malam. Wani ƙaramin gidan rediyon FM ne ya ce in zo gwaji a matsayin mai gabatar da shiri, kowa na cewa Allah ya ba ni murya amma gaskiya ban taɓa shiga situdiyo ba. Don Allah me aikin ya ƙunsa, kuma me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar muryar nan ka ɗan ajiye ta gefe tukuna, murya tana tsayar da mai murɗa rediyo na minti ɗaya ne kawai, abin da zai hana shi wucewa gaba shi ne ya ji ka san abin da kake faɗa. Na ga masu murya kamar sarewa da ba su kai wata uku ba, na kuma ga mai muryar gwangwani da in bai zo aiki ba waya ba ta hutawa.

A babban gida akwai furodusa, akwai mai riƙe na'ura, akwai mai tace kiran waya, kai naka ka zauna ka yi magana. A ƙaramin gida duk kai ne. Kai za ka nemo baƙo ka yi ta kiransa kar ya manta, kai za ka rubuta tsarin shiri, hannu ɗaya na kan mikisa kana ɗaga sauti kana saukewa, ɗayan na kan kwamfuta kana neman tallar da za ta shiga, ido kuma na kan agogon bango, duk wannan bakinka bai tsaya ba. Ran da baƙo ya ƙi zuwa, kuma zai ƙi, kai ne za ka cike gurbin, shi ya sa ba a shiga situdiyo da abin faɗa daidai wa daida, sai da rara.

Agogon nan shi ne maigidanka na gaskiya. Shirin awa ɗaya ba minti 60 ba ne, in ka cire talla da sanarwa da taken tasha za ka ga abin da ya rage maka. Kuma daga baya ake lissafi, in labarai ƙarfe 10 ne daidai kuma akwai tallar minti biyu kafin su, to 9:58 ka riga ka yi sallama, ba a lokacin za ka fara cewa "a taƙaice" ba. Mai talla ya biya kuɗin lokacinsa, shi ke riƙe da gidan.

Makirfo kuwa ka bar tazarar kamar faɗin tafin hannunka, ka ɗan kauce masa kaɗan don kar iskar "f" da "b" ta riƙa dukansa, ka sa abin kunne ko da yana takura ka don da shi za ka ji abin da mutane ke ji, in ma'aunin sauti na taɓa ja to ka yi yawa. Sannan kowane makirfo ka ɗauka a buɗe yake. Ni da kaina farkon zuwana na sa talla na manta ban sauke nawa ba, na juya ina yi wa abokin aikina mitar baƙon da ya makara, wallahi kafin tallar ta ƙare baƙon ya kira ya ce ya ji, ya fasa zuwa.

Inda aka fi zamewa shi ne kiran masu sauraro. Da farko ka ce mai kira ya rage sautin rediyonsa, in ba haka ba sautin zai riƙa zagayowa ya koma ƙara mai huda kunne. Manyan gidaje na da na'urar da ke jinkirta magana 'yan daƙiƙoƙi don a yanke ɓarna kafin ta fita, ƙanana galibi babu, yatsanka ne na'urar. Da ka ji mutum ya kama sunan wani zai jefe shi da sata ko makamancin haka, sauke shi, ka ce gidan ba ya tare da wannan magana. Ɓata suna ko a bakin mai kira ya fito ta tasharku ya bi, kuma hukumar da ta ba da lasisi na iya hukunta tashar ko ta ƙwace lasisin.

Wani abu da sababbi ba sa lura, zangon FM, wato 87.5 zuwa 108, ba ya nisa kamar gajeren zango, iyakarsa tsawon turken eriya da ƙarfin na'urar watsawa. Ke nan masu jin ka maƙwabtanka ne. Ka karya sunan unguwa ko na mutum da safe, da yamma za a tare ka a hanya a gyara maka. Don haka duk sunan da kake shakka ka tambaya kafin ka hau, ba abin kunya ba ne.

Kuɗi kam ba yawa, kar in ruɗe ka. Ka tambaya tun ranar farko, albashi ne, ko kaso daga tallar da ka kawo, ko aikin sa kai, kuma a rubuta.

Kafin ranar gwaji ka ɗauki wayarka ka naɗi kanka minti uku kana gabatar da wani batu, ka saurara, za ka ji haushin muryarka, kowa ma haka ya ji. Ƙirga "eh to" da "wato" nawa ka yi, gobe ka sake. In kana da kwamfuta sauke manhajar Audacity, kyauta ce, ka koyi yanka da haɗa sauti don za a tambaye ka. Kar ka kwaikwayi muryar wani babban mai gabatarwa, masu gwajin sun ji irinta sun gaji. Ka sa mutum ɗaya a ranka, kamar yayarka tana aiki a tsakar gida rediyo na gefe, ka yi mata magana. Kuma ka isa wurin da aƙalla rabin awa kafin lokaci.