Jan Alƙalami a Kwamfuta: Yadda Ake Gyaran Rubutu Tare Ba Tare da Rikici Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina rubuta kundin digirina. Na tura wa malamin da ke duba aikina babi na biyu, ya dawo mini da shi duk ya cika da jan rubutu, wasu kalmomin an ja musu layi a tsakiya, gefen shafi kuma cike da sharhi. Wata ƙawata ta nuna mini inda zan danna, jan ya ɓace. Da na kai shagon buga takardu sai ga shi ya fito a takarda kamar ban taɓa shi ba. Kuɗina sun tafi a banza. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙawar taki rufe datti ta yi da tabarma, ba sharewa ta yi ba.

Abin da malaminki ya kunna shi ne Track Changes, wato bin sawun gyara, yana ƙarƙashin shafin Review a Microsoft Word, ko kuma a danna Ctrl da Shift da E tare. Da zarar an kunna shi, Word ba ya goge komai da gaske. Kalmar da aka cire sai ya ja mata layi ya bar ta a wurin, wadda aka ƙara kuma ya ba ta launi, ya rubuta sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi. Jan alƙalamin malami ne, sai dai wannan yana jiran ki ce kin yarda ko ba ki yarda ba.

A wannan shafin akwai wani ɗan akwati mai zaɓi huɗu: Simple Markup, All Markup, No Markup da Original. Na tabbata No Markup ƙawarki ta zaɓa miki. Shi kuwa nuna miki kawai yake yi yadda rubutun zai kasance idan an amince da gyaran duka, gyaran yana nan kwance a cikin fayil. Da mai shago ya buɗe a tasa kwamfutar, sai komai ya dawo fili.

Ki mayar da shi All Markup, ki koma farkon babin. Akwai maɓallai biyu, Accept da Reject. Na farko ya karɓi gyaran ya wuce na gaba, na biyu ya mayar da kalmarki yadda take. Akwai kuma Accept All Changes da ke karɓar komai lokaci guda, amma ban ba ki shawarar sa ba a aikin kundi. Malamai ma suna kuskuren hannu, na taɓa ganin inda aka goge rabin sakin layi bisa kuskure, ɗalibi ya karɓe duka bai duba ba, sai ranar kare kundi aka tambaye shi ina ƙarshen maganar. Sannan bin gyaran ɗaya bayan ɗaya shi ne zai nuna miki kurakuran da kike maimaitawa.

Sharhin gefe daban yake. Karɓar gyara ba ya cire shi, sai kin goge shi da kanki bayan kin yi abin da aka ce. Kafin ki sake zuwa shago, ki shiga File, Info, Check for Issues, Inspect Document, zai gaya miki ko akwai sauran gyara ko sharhi a ɓoye. Daga nan ki adana shi a matsayin PDF, ki buɗe ki gani da idonki, shi za ki kai.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu. Mu huɗu aka ɗora wa gyaran kundin tsarin ƙungiya. Kowa ya gyara nasa ya turo ta WhatsApp, yanzu fayil shida ne a wayata, ban san wanne ne na ƙarshe ba.

Amsa: Barka dai, Malam Sakatare. Matsalar ba ta manhaja ba ce, ta yawan kwafi ce. Duk lokacin da ka tura fayil ta WhatsApp, sabon kwafi ka haifa, kuma ba ya sanin abin da ɗan'uwansa ke ciki.

Don fita daga ramin da kake ciki yanzu, Word na kwamfuta yana da Compare a shafin Review. Ka ba shi fayil na asali da ɗaya daga cikin gyararrun, zai fitar maka da na uku mai nuna kowane bambanci. Kusa da shi akwai Combine, mai haɗa gyaran mutane daban-daban wuri guda. Aiki ne na zama da shayi, amma ya fi karanta fayil shida kana gwadawa da ido.

Nan gaba kuwa, ku koma Google Docs, fayil ɗaya kowa ya same shi a can. Wajen rabawa akwai matsayi uku: Viewer mai kallo kawai, Commenter mai sharhi, Editor mai cikakken iko. Ka ba sauran ukun Commenter. Duk abin da suka rubuta zai zama shawara ce mai launi ɗauke da sunansu, kai kaɗai za ka danna alamar amincewa ko ta ƙi. A aikin ƙungiya wannan yana kashe gardamar "ba ni na cire wannan sashen ba", domin Version history yana ajiye tarihin wanda ya taɓa me da kuma yaushe. Yana aiki a wayar Android, sai dai yana son data, kuma kowa sai ya shiga da asusunsa na Google in ana son sunansa ya fito.

Tambaya: Me ya sa idan na rubuta Hausa a Word kusan kowace kalma sai an ja mata jan layi mai lanƙwasa a ƙasa? Shi ma bin sawun gyara ne?

Amsa: A'a, wannan mai duba ƙa'idar rubutu ne, yana auna Hausarka da ƙamus ɗin Turanci, shi ya sa yake ganin komai kuskure. Ba ya fita a takarda. In ya dame ka, danna Ctrl da A, shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka sa alama a kan Do not check spelling or grammar. Ka kuma lura da AutoCorrect, yana iya mayar da "i" babban harafi ko ya canza maka kalma ba ka sani ba.

Tunda ana maganar gyaran Hausa: a Word, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. 0257 na ba da ɗ, 0253 kuma ɓ. A waya kuwa ka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, wato allon rubutu na Google, haruffan masu ƙugiya suna nan.