Fiɗar dabbar tarko ba tare da an huda fata ba

Tambaya: Malam, ina ɗana tarko a gefen gona saboda zomaye da dila da ke yi mini ɓarna. Fatar nake so da gashinta, amma duk wadda na feɗe sai ta fito da huji uku ko huɗu, ga cin lokaci. Ko wuƙata ce ba ta da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa wuƙa laifi, ina zargin aiki kake ba ta fiye da nata. A fiɗar ƙananan dabbobi masu gashi, wuƙa hanya kawai take buɗewa, sauran aikin na hannu ne. Yawancin hujin da ake gani a fata daga mutumin da ke bin kowane taƙi da tsinin wuƙa yake fitowa.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Dabbar da ta mutu ba da jimawa ba, jikinta da sauran ɗumi, fatarta kusan da kanta take saki. Idan ta kwana ta sandare, sai tantanin da ke tsakanin fata da nama ya kama, ka yi ta kokawa. Shi ya sa zagaya tarko kullum da sassafe yake da riba biyu: dabbar ba ta daɗe tana shan wuya ba, kai kuma ka samu fiɗa mai sauƙi. In gashin ya jiƙe ko ya kwashi laka, ka goge shi ya bushe, ka taje ƙaya da ciyawa tukuna, don wajen kankare kitsen fatar, wuƙa kan yi tuntuɓe da su ta ɓarke fatar.

Kada ka tsaga ciki. Ka kwantar da ita, ka ja tsaga ɗaya daga dunduniyar ƙafar baya zuwa ɗaya dunduniyar, ta bayan cinya, kana bin inda gashin baya da na ciki suka haɗu, ka kewaye dubura. Kaifin ya kalli sama, wato ka yanka daga ciki zuwa waje, don kada ka datse gashi. Ka zagaye idon sawun kowace ƙafa, ka cusa babban yatsa ka raba fatar cinyoyi. Daga nan ka rataye ta da ƙafafun baya a abu mai ƙarfi, daidai ƙirjinka, ka kama fatar da hannu biyu ka ja ƙasa kamar mai tuɓe safa. Nauyin jikinka ne zai yi aikin. In hannu yana santsi saboda kitse, ka riƙe da tsohon tsumma ko ka barbaɗa garin katako.

A ƙafafun gaba, ka tura yatsa ta hammata har ya ɓullo, ka zare ƙafar. Kai ne wurin da wuƙa ke dawowa, kuma nan ake bukatar haƙuri: guringuntsin kunne ka yanke shi dab da ƙoƙon kai, haka ido, haka leɓe, har zuwa hanci. Kana ja kana taɓa farin tantanin da ya miƙe, bakin wuƙar yana fuskantar ƙashi. Zomo dai fatarsa kamar takarda take, shi kam ja a hankali ya ishe shi.

Tambaya: Kullum a wutsiya nake yin asara, sai ta tsinke mini a hannu.

Amsa: Ba a banza ake cewa a feɗe biri har wutsiya ba, can ne gwaninta take. Ka tsaga ƙasan wutsiyar kamar tsawon yatsa daga gindinta, ka fito da ƙashin. Sai ka samu sanduna biyu masu kaurin alƙalami, ka matse ƙashin a tsakaninsu, ka dafe gindin da ɗaya hannun, ka ja sandunan zuwa ƙarshen wutsiya da ja ɗaya miƙaƙƙe, ba fizga. Ƙashin zai zare. Bayan haka ka tsaga fatar wutsiyar har ƙarshe don iska ta shiga. In ka bar ta a rufe ruɓewa za ta yi, gashin ya zube. Dabbobi masu wari irin bodari kuma suna da jakar wari a gefen dubura, kada tsinin wuƙa ya kusance ta.

Tambaya: An ce mini hura iska a ƙarƙashin fata yana sa ta saki. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne. Ƙaramin huji a ƙafar baya, ka sa bakin famfon keke, ka hura a hankali har fatar ta ɗago, kana bubbugawa iskar ta zagaya.  Amma kada ka kuskura ka sa bakinka. Namun daji na iya kasancewa ɗauke da cutar haukan kare, zomaye kuma a wasu ƙasashe da wata mai suna tularemiya da ke shiga ta ƙaramin rauni a hannu, ga ƙuma da kaska da ke barin gawa da zarar ta fara sanyi suna neman sabon masauki. Ka sa safar hannu ta roba. Wadda ka tarar ta rame, ko cikinta ya fara kore, ko gashinta na biyo yatsa, binne ta ya fi.

Tambaya: Na feɗe lafiya, amma bayan kwana biyu gashin ya fara tsigewa. Me ya jawo?

Amsa: Kitse da zafi. Duk kitse da naman da aka bari a jikin fata ƙwayoyin cuta yake kirawowa, su kuma tushen gashi suke ci. Da ka gama fiɗa, ka sa fatar a kan katako mai santsi, gashi a ciki, ka kankare ta da dakusasshiyar wuƙa ko bayan cokali daga kai zuwa wutsiya. Wajen ciki ka sassauta hannu, nan ta fi rauni. Sai ka zura ta a allo mai siffarta, ka miƙar da ita ba tare da ka ja ta fiye da kima ba, don gashin kada ya yi shara-shara. A inuwa za ta bushe, inda iska ke kaɗawa, nesa da rana da wuta. In kai za ka jeme ta ko za ta jira majemi, ka shafe gefen naman da gishiri sosai, ka karkaɗe washegari ka sake sabo. In kuwa ɗanya za ka sayar, ka tambayi mai saye tukuna, domin dillalan fatar gashi da yawa wadda iska ta busar suke karɓa, ba mai gishiri ba. Ka kuma tabbatar dokar farauta ta inda kake ta yarda da kama wannan dabbar a wannan lokacin kafin ka sake ɗana tarkon.